Buga batir da firintar 3D a Sakkwato: littafin aikina

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Firintar ta iso jiya da yamma a motar Legas. Ta hannu ce, irin wadda ke narka zaren roba tana shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi. Da kuɗin mota ta tsaya mini naira 265,000. Zaren robar da ake kira PLA naɗi biyu, kilo ɗaya-ɗaya, naira 24,000 kowanne. Na ba ta wuri a ƙuryar shago, nesa da ƙofa saboda ƙura.

Aiki biyu ke gabana. Na farko batir mai caji na bolt 12 wanda zai ja wa Inna fanka da ƙwan lantarki ɗaya kafin zafi ya kankama. Ƙwayoyinsa daga tsofaffin batiran laftof zan ciro, firinta ta yi musu gida. Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai tun bara: ko mutum zai iya buga cikin batirin kansa, wato filet ɗin da ke riƙe caji.

Dalilin da ya sa abin ya shiga raina shi ne yadda masana'antu ke yin filet. Kwaɓi suke shafawa siriri a kan takardar ƙarfe, girafayit a kan ta jan ƙarfe, ɗaya ɓangaren a kan ta alminiyom, su busar, su danne, su naɗe. Dole ya zama siriri, don in ya yi kauri ruwan batir ba ya kaiwa can ciki da sauri, sai tsakiyar ta zauna ba ta aikin komai. Firinta kuwa tana iya gina abu mai kauri da ƙananan hanyoyi a cikinsa, ruwa ya bi ta ko'ina. A 2013 Jennifer Lewis ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta na Jami'ar Illinois a Amurka sun buga batirin litiyom da bai wuce ƙwayar yashi ba, filet biyu masu haƙora sun shiga cikin juna, da bakin allurar da bai kai kaurin gashi ba. Ba ni da kayansu, amma ina so in gani da idona ko siffar filet kaɗai tana canza abin da batir ke bayarwa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Daidaita farantin na'ura da takarda. Ɗan akwatin gwaji mai milimita 20 ya fito 20.1 a gefe, ba laifi. Bakin da ke fitar da narkakkiyar roba digiri 205, farantin da aiki ke zama a kai 60.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na zagaya wajen masu gyaran kwamfuta na kan titin Sarki Yahaya da cikin kasuwa, na tara matattun batiran laftof 14 a kan naira 21,000. Yawancinsu ƙwaya shida ke ciki, irin 18650, wato milimita 18 a faɗi, 65 a tsawo. Batirin laftof yakan mutu ne saboda ƙwaya ɗaya ko biyu sun gaza, sauran da ransu.

Tantancewa ce aikin. Duk wadda mita ta nuna ƙasa da bolt 2 na ware ta, ba na ma gwada yi mata caji. Sauran na cika su zuwa 4.2, ina taɓa jikinsu, wadda ta ɗau zafi ita ma ta tafi gefe. Waɗanda suka tsallake za su kwana bakwai a kan kanta in sake aunawa, don akwai masu zubar da caji suna zaune. Bayan nan sai gwajin yawan abin da kowacce ke riƙewa. Ina rubuta lambar a jikinta da maka.

Waɗanda aka ware suna cikin bokitin ƙarfe da yashi a bayan shago, na liƙe kawunansu da tef. Ina roƙon duk mai irin wannan aiki kada ya zuba su a bola. Yara na tona bola, kuma ana cinna mata wuta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ranar asara. Gidan ƙwayoyi na farko aikin awa tara ne. Ya kai wajen rabi sai zare ya fara fita tsinke-tsinke, injin tura zare yana ƙas-ƙas, daga nan na'ura ta ci gaba da yawo a sama ba ta ajiye komai. Da na kwance bakin, ramin da bai wuce milimita 0.4 ba, na tarar da ƙura ta narke tare da roba ta toshe shi. Hunturu bai gama tafiya ba, kuma zaren yana kwasar ƙura tun daga kan naɗi, in ka shafa shi da yatsa sai ka ga ja-ja.

Na gasa bakin, na zare dattin da allura. Sannan na yanki ɗan soso na huda shi, zaren yana ratsawa ta ciki kafin ya shiga na'ura, na kuma kifa mata babban kwali da tagar leda. Na sake sa aiki, bayan la'asar aka ɗauke wuta. Wai na'urar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, amma faranti ya huce, aikin ya ɓamɓare daga ƙasa. Roba kusan giram 200 ta tafi a yau.

Daga yanzu a kan inbatar shago za ta riƙa aiki, da rana, lokacin da sola ke bayarwa. Dumama faranti ne ke cin wuta da farko, in ya yi zafi abin da take ja ba shi da yawa.

Wani alheri da busasshiyar iskarmu ke da shi: masu wannan sana'a a Legas kullum kukansu zare ya sha laima yana tartsatsi a baki. Nan ko a buɗe na bar shi, lafiya lau.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

A gidan ƙwayoyi, rami mai milimita 18.2 ya matse, yana yage rigar ƙwaya. 18.8 ya yi sako-sako. Na tsaya a 18.5. Ƙwayoyi 27 suka wuce mAh 1,900, wato ma'aunin yawan cajin da ƙwaya ke riƙewa, zan ɗauki 24.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau ban kunna na'ura ba, karatu na yi da lissafi a kan aiki na biyu, kuma na yanke shawara: ba zan taɓa buga filet na litiyom a wannan shago ba. Gishirin da ke cikin ruwan batirin litiyom in ya haɗu da laima yana haifar da asid mai cin nama har ƙashi, ruwan kansa kuma yana kama wuta. Shi ya sa ake haɗa su a ɗakunan da aka tsotse wa laima, ko cikin akwatin gilashi mai safar hannu. Tun 1991 da Sony ya fito da batirin litiyom kasuwa ake gyara wannan sana'a, kuma har yau ba aikin teburin mai gyaran rediyo ba ne.

Tutiya zan bi. Batirin tutiya da manganis mai ruwan gishirin zinc sulfate yana karɓar caji, yana ba da wajen bolt 1.3 zuwa 1.4, ruwansa ba ya ci da wuta. Kayan kuma suna kusa. Babban batirin tocila na gargajiya gwangwaninsa tutiya ne, baƙin garin da ke ciki manganis ne gauraye da kabon, ga sandar kabon a tsakiya. Sabo zan fasa, don na wanda ya mutu ya riga ya canza. Gishirin na samu wajen masu sayar da kayan gwaji na makarantu, rabin kilo naira 9,500.

Na biya wajen Baba mai gyaran batirin mota da ke layinmu na nuna masa zanen filet mai ramuka. Ya juya takardar ya ce, "Ɗana, ai mu mun daɗe da sanin filet ba ya son kauri, ruwa ba ya ratsa shi. In ka iya yi mashi ƙofofi, kawo in gani." Ya ba ni guntun abin raba filet daga wani tsohon batir in gwada.

Litinin, 3 ga Maris

An tashi da azumi ranar Asabar. Aiki ya koma safe da bayan tarawihi.

Zaren da ke ɗaukar wuta ya iso, rabin kilo naira 38,000, kuma shi ne kuɗin da ya fi yi mini ciwo zuwa yanzu. PLA ne da aka cuɗa da garin kabon. Niyyata in buga ragar filet da shi, in cusa manganis a ramukan. Kafin in sa shi a na'ura na yanki santimita 10 na ɗora mita in ga yadda yake tare wuta: om 2,600. Wayar jan ƙarfe mai wannan tsawo mita ba ta ma ganin ta. Duk da haka na buga raga mai santimita 3 a 3. Daga kusurwa zuwa kusurwa ɗaruruwan om, daga ƙasa zuwa sama kuma abin ya fi muni, saboda wuta na wahalar tsallaka mahaɗar layi da layi.

Na jiƙa ɗaya a ruwan sodar sabulu, wadda ke cin PLA ta bar kabon a fili. Ta ɗan gyaru, amma ta yi rauni, tana marmashewa a hannu. Matsalar a fili take. Kafin zare ya yarda ya narke ya bi ta baki, dole roba ta fi yawa a cikinsa, roba kuma ba ta ɗaukar wuta. In ka ƙara kabon zaren ya karye tun a naɗi. Masu bincike na Jami'ar Duke sun bi wannan hanya a 2018, suka buga awarwaro mai batir a jikinsa wanda ya kunna ɗan ƙwai na kusan minti ɗaya, kuma da bakinsu suka ce abin da yake riƙewa ya gaza na kasuwa kusan sau ɗari. Na ajiye zaren. Zai yi amfani wajen maɓallin taɓawa, ba batir ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Gidan ƙwayoyi sama da ƙasa sun fito. Jeri uku, kowane jeri ƙwaya takwas. Na raba su yadda jimillar kowane jeri ta zo kusan ɗaya. Na sayi BMS, wato ɗan allon da ke kula da caji yana yanke wuta in an wuce iyaka, mai ma'aunin zafi, naira 7,500, da zaren nikel na haɗa ƙwayoyi 6,000.

Juma'a, 14 ga Maris

Kafin in yi walda na ce sai gidan ya ɗanɗana ranar Sakkwato. Na cika shi da matattun ƙwayoyin da na sauke wa caji gaba ɗaya, don nauyi kawai, na sa a baƙin akwatin roba irin wanda zan yi amfani da shi, na ajiye a kan dakali daga hantsi zuwa bayan sallar Juma'a. Ma'aunin zafin da na bari ciki ya nuna digiri 63.

Da na buɗe, gidan ya saki. Bangayen da ke tsakanin ramuka sun lanƙwashe, tsakiyar ta lotsa, ƙwayoyin gefe sun karkata suna jingine da juna. Na danna da babban yatsa, ya shiga, shaidar yatsan ta zauna. PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma wannan ba wani zafi ba ne a garin da inuwa kanta ke wuce 40 a Afrilu. Ɗakin kwano da rana, bayan mota, ƙarƙashin kujerar babur, duk suna kaiwa can.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tunanin a ce an riga an yi walda. Jeri na ɗaya da na biyu bolt huɗu ke tsakaninsu, kuma ƙwaya takwas a haɗe suna iya tura wutar da za ta mayar da zaren nikel ja cikin daƙiƙa. Bangon robar nan shi kaɗai ke raba su. Ina ganin hotunan mutane a intanet suna alfahari da gidan batir na PLA, yawancinsu a ƙasashen sanyi suke. Duk wanda ke arewacin ƙasar nan kada ya kwaikwaye su.

Na yi odar wani zaren roba, PETG, wanda ke jurewa har wajen digiri 80. Naira 29,000. Naɗin PLA da ya rage zai tafi a kan gwaje-gwajen siffa.

Alhamis, 20 ga Maris

PETG yana son baki 240, faranti 80, kuma yana jan zare-zare kamar yanar gizo sai an rage gudu. Ya sha gwajin dakali bai motsa ba.

Tunda zan sake bugawa, na sake zanen gaba ɗaya, kuma a nan na ga amfanin firinta na gaskiya. Gidajen da ake sayarwa suna cusa ƙwayoyi kusa da juna don a rage girma. Ni na bar milimita 3 tsakanin kowace biyu, na buɗe hanyoyin iska daga ƙasa zuwa sama, na ɗaga bango mai tsayi tsakanin jeri da jeri, na yi wa ma'aunin zafi gurbi a tsakiyar ƙwayoyi inda zafi ke taruwa. Takardun masu ƙera irin waɗannan ƙwayoyi yawanci suna cewa kada a yi caji sama da digiri 45. A wurinmu wannan iyaka ce da ake kusanta a ranakun bazara, don haka iska ba ado ba ce.

Walda da na'urar ɗigo da na aro, kowace ƙwaya ɗigo huɗu. Fis na amfiya 10 a bakin fita. Cike ya nuna bolt 12.6.

Alhamis, 27 ga Maris

Lissafi ya ce wajen awa-wat 175. Fanka mai wat 15 da ƙwai mai wat 5 sun yi awa bakwai da rabi kafin BMS ya yanke. Na kai wa Inna a Mabera. Ta dube shi ta ce, "Kai dai ka tabbata wanga abu ba ya kama wuta." Na ce, "Inna, in ya ji zafi shi da kanshi zai yanke, amma kada a rufe shi da zane, kada a sa shi taga." Na ɗora shi a ƙasa kan bulo, na ce wa ƙanwata caji da safe kawai.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, na dawo kan aiki na biyu. Tunda narkakken zare ya ƙi, sai kwaɓi, yadda na Harvard suka yi. Na cire kan zafi na ɗaura sirinji mai mil 10 a gurbinsa, da maƙalli da ƙoshiyoyin da firintar ta buga wa kanta, injin tura zare yana juya dogon kusa mai danna sirinjin. Abin ya koma kamar mai zanen lalle da ƙunshin leda: in kwaɓi ya yi ruwa zane ya baje, in ya yi tauri ya ƙi fita.

Na fasa sababbin batiran tocila da safar hannu da takunkumi, na wanke baƙin garin da tataccen ruwa har ya daina kumfa, na shanya, na daka, na tankaɗe da rariyar yadi. Gwangwanin na buɗe shi na miƙar na goge da sanfefa. Saura abin da zai riƙe garin. Na tuna ƙaro, wanda ake sa wa tawadar allo don ta kama, na sayo na naira 500. Kwaɓinsa ya yi kyau ƙwarai, yana fita sumul ta baki mai milimita 1.2, layi yana hawa kan layi bai rushe ba. Na buga filet a kan ragar ƙarfe marar tsatsa, hawa huɗu, kowane hawa ya gitta na ƙasa. Iska ta busar da shi kafin magariba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ruwan batir: giram 57 na gishirin a cika shi mil 100 da tataccen ruwa. Kwandon na PETG ne, da ɗan rami a murfi don iskar da caji ke fitarwa. Na jera tutiya, abin rabawa na Baba, filet, na zuba ruwa. Mita ta nuna bolt 1.46, na yi hamdala.

Ba a yi rabin awa ba ruwan ya fara baƙi. Ƙaro ya koma ruwa yadda yake yi a kan allo in an wanke, filet ya zube ƙasan kwando ya zama taɓo. Abin da ya sa ya yi daɗin kwaɓawa shi ne ya kashe shi. An gwada ƙaro a binciken batirin litiyom, amma can ruwan batirin ba ruwan sha ba ne, ba ya narka shi.

Na koma farin gam na kafintoci, kaɗan, wanda in ya bushe ba ya saurin narkewa. Kwaɓin bai kai na ƙaro santsi ba, yana toshe baki in an tsaya, sai na ƙara faɗin baki zuwa 1.5.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ga gwajin da na sayi firintar dominsa. Filet biyu daga kwaɓi ɗaya, kowanne giram ɗaya bayan bushewa. Ɗaya na shafe shi da wuƙa ya zama dunƙule, ɗaya bugagge mai ramuka. Caji a bolt 1.8, wuta kaɗan. Saukewa ta kan rizisto mai om 100, ina rubuta bolt duk kwata har ya sauka zuwa 1.0.

Shafaffen ya yi awa ɗaya da minti 45, wajen mAh 22. Mai ramuka ya kai kusan awa uku, wajen mAh 37. Na musanya musu kwando da tutiya don kada a ce daga can ne, bambancin bai tafi ba. Da na fasa shafaffen daga baya, fatarsa ta jiƙe ta canza launi, cikinsa kuwa kusan a bushe. Na kai wa Baba ya gani, ya riƙe shi kusa da ido ya ce, "To, ka ga abin da nike gaya maka."

Kada wanda ya karanta ya ɗauka an yi batir. A lissafi giram ɗaya na manganis zalla yana iya ba da mAh 308, ni ban kai ko kusa ba. Ƙwaya ɗaya daga cikin na Inna ta fi wannan sau hamsin, da bolt kusan ninki uku. Kuma yana raguwa: kafin mako ya cika abin da yake riƙewa ya sauka zuwa rabi, manganis na narkewa cikin ruwa, tutiya ta fara fitar da ƙananan ƙayoyi masu neman huda abin rabawa. Biyu a jere sun kunna jan ƙwai ɗan ƙarami tun daga isha'i har na rufe shago. Amma tambayar da na yi ita ce ko siffa tana da tasiri, kuma a kan teburina ta nuna tana da shi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kuɗi zuwa yau, ban da firinta: zare iri uku 115,000, tsofaffin batira 21,000, BMS da nikel da fis da akwati 19,000, gishiri da batiran tocila da sirinji da raga 17,500. Batirin Inna shi kaɗai, in an cire asarar gwaji, bai wuce 55,000 ba. Na duba shi jiya, jeri uku suna tafiya daidai, tazararsu ba ta kai bolt 0.03 ba, kuma BMS ya yanke caji sau da dama da rana tsaka, wato ma'aunin zafin yana aikinsa.

Abin da ke gaba: in samo manganese sulfate in ƙara kaɗan a ruwan, don binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna yana rage narkewar manganis. In gwada tazarar layi uku, milimita 1 da 1.5 da 2, in ga inda ramuka ke daina amfani su fara cin wuri kawai. Ina bukatar sikeli mai auna miligiram da na'urar da za ta yi caji da saukewa da kanta, don zaman rubuta bolt duk kwata ba zai kai ni zagaye ɗari ba. Na fara rubuta takarda zuwa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo in nemi izinin gwada filet ɗin a ɗakin gwajinsu. Kafin damina kuma sai na samo bokiti mai murfin roba da zan riƙa ajiye PETG, don laima na shigowa zai fara tartsatsi.